Ranar da na fita sayen kwanon rufi

Daren Asabar ne, an ɗauke wuta tun magariba, da ragowar cajin waya nake wannan rubutu.

Jiya na kwashi adashi. Mu 12 ne a makarantarmu, kowa na zuba dubu 25 a ƙarshen wata, sai ga ni da dubu 300 cif a asusu. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake ajiyewa a ƙarƙashin katifa, tun ranar da muka sayi ɗan filinmu a bayan Bukuru nake rubuta komai a ciki: harsashi, bulo, linta, kowanne da watansa. A shafi na tara na rubuta da jan biro: "Rufi, Maris." Wanda ya san Jos ya san dalili. Afrilu na kamawa ruwa zai sauko, ginin kuwa damina biyu ke nan yana shan duka ba rufi.

Da safe a wurin sujada wasiƙar Yakubu ta cikin Littafi Mai Tsarki muke bi, yau muka iso ƙarshen sura 4. Babbar 'yarmu ce ta karanta. Wurin da yake magana da masu cewa yau ko gobe za mu je gari kaza, mu shekara, mu yi ciniki mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Ya ce ranmu kamar hazo ne, a gan shi yanzu, an jima ya watse. Uwargida ta ɗago ta kalle ni, ta kalli wajen katifa, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na ce a raina ai wannan bai shafe ni ba, wa ya kai ni cewa "in Allah ya yarda"? Ko kasuwa zan aiki yaro sai na faɗa.

Na hau keke zuwa kasuwar Katako da takardar da kafinta ya rubuta mini. Alhajin da muke hulɗa da shi tun zamanin Baba ya karɓa, ya sa tabarau, ya danna waya, ya juyo mini da ita. Katako da ƙusa kaɗai sun cinye fiye da rabin kuɗin. Abin da ya rage ba zai sayi rabin kwanon da ake bukata ba.

"Malam, lissafin yaushe ne wannan naka?"

Na ce na bara waccan. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba wanda ke riƙe farashi a ka. Daga kudu ake ɗauko katakon, kuɗin mota ke cinye su. "Ka ɗauki katako yau, kwano ya biyo baya in sha Allahu." Na ce bari in yi shawara. Gaskiya fushi nake, ban ma san da wa ba.

Maimakon gida sai na tsinci kaina a Tudun Wada wurin Goggo, yayar Baba. Na same ta a tsakar gida tana tsince acca a faifai, ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata, wai daga koyon waƙa ta dawo. Goggo tana da shagon atamfa a babbar kasuwar Terminus kafin gobarar 2002. Daren da wutar ta tashi, kwana biyu ke nan da sauke sabon kaya daga Kano, rabi ma bashi ne. Ko ƙyalle ba ta fitar ba. Shekara shida ta yi tana biyan bashin da tuyar ƙosai.

Na zayyana mata komai, har da jan biron. Ta ce, "Ɗana, da ka rubuta Maris, ka tambayi Mai Maris ɗin?"

Na ce Goggo ai kullum ina addu'a a kai.

"Addu'a kake, ko takarda kake miƙa masa ya sa hannu?"

Shiru na yi, don ta kama ni. In na duba addu'ata ta shekara uku, ba inda na ce a aikata nufinka da zuciya ɗaya. Na gama tsarawa, na sa rana, sannan na liƙa "in Allah ya yarda" a ƙarshe kamar kan sarki a ambulan. A Getsamani Yesu ya faɗi abin da yake so a fili, a ɗauke masa ƙoƙon, sannan ya ce ba nufinsa ba. Ni rabin farko kaɗai na iya.

Amma Goggo ba ta bar ni na zame ɗaya gefen ba. Da na ce to shi ke nan, bari in yar da littafin, ta daka mini tsawa. Ta ce ita ma tana da nata, a ciki take rubuta kuɗin makarantar jikoki. Ta tuna mini wanda zai gina hasumiya a Luka 14, da aka ce ya fara zama ya yi lissafi. Ta kuma kawo zancen wani ɗan'uwanmu da ke zaune shekara huɗu yana cewa Allah zai yi, ko takardar neman aiki bai taɓa kaiwa ba. Wannan, in ji ta, lalaci ne aka sa masa rigar coci.

A keken dawowa na ga Irmiya 29:11 manne a gilashi, ayar da kowa ke so, ta shirin alheri da Allah ke da shi dominmu. Da na iso gida na buɗe surar daga farko, abin da na daɗe ban yi ba. Ashe wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila. Aya ta 10 ta ce sai sun shekara 70 a can, wato yawancin waɗanda suka ji alkawarin da kunnensu ba su ga cikarsa ba. Aya ta 5 kuma ta ce su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci. A ƙasar da ba su zaɓa ba, a lokacin da ba su tsara ba. Wannan ya fi zauna mini a rai fiye da wa'azi da yawa da na ji a kan ayar.

Bayan tuwo muka zauna da uwargida da littafin. Ita ce ta kawo shawarar a rufe ɗaki ɗaya da falo tukuna, a bar sauran. Ban so ba, don a kaina gidan gaba ɗaya nake gani. Muka yi addu'a, na lura bakina ya yi nauyi da na zo wurin "ko da bana ba ta yiwu ba." Na dai faɗa.

Jan biron ba ya gogewa, sai na ja layi ɗaya a kai, na ari fensirin auta na rubuta sabon lissafi a ƙasa. Na kira kafinta ya sake auna ɗaki da falo ranar Litinin. Ya ce sai dai Talata, yana da jana'iza a Mangu.