Wayar da aka murɗa da hannu ta kashe mini mota a Hawan Kibo

Motata Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Amurka, irin wadda makullinta ƙarfe ne zalla, babu ɗan abin nan da sababbin motoci ke tantance makulli da shi kafin su tashi. Duk mai yankan makulli a Taminus, nan cikin Jos, zai fitar maka da irinsa, kuma ɓarayi sun fi mu sanin haka. Ga shi kayan Toyota ba sa kwantai a kasuwa. Shi ya sa da aka ɗauke motar wani maƙwabcinmu a Rikkos yana cikin masallaci ranar Juma'a, ban tsaya wata-wata ba na nemi a sa wa tawa sikiyoriti: jiniya mai rimot, da tiraka mai layin waya, wadda za ka tura wa saƙo ta gaya maka inda motar take, ka kuma kashe injin daga nesa.

Kayan suna nan birjik a Dilimi. Mai shagon ne ya haɗa ni da wani yaro mai wayarin, ya ce aikinsa ke nan kullum. Yaron ya kwance robar ƙarƙashin sitiyari, ya ce, "Alhaji, je ka yi harkokinka, kafin la'asar an gama." Da na dawo ya gwada mini komai. Ya danna rimot jiniya ta ɗauka, ya tura saƙo mota ta mutu, ya sake turawa ta tashi. Roba ta koma mazauninta tsaf. Na biya shi har da na goro.

A hanyar Abuja asirin aikinsa ya tonu, ina ɗauke da uwargida da yara. Mun wuce Riyom mun fara gangara Hawan Kibo, ina bin bayan wata tirela a hankali, sai tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami. Nan take fitilun dashbod suka kama gaba ɗaya, injin ya ɗauke. Wanda ya san wurin ya san abin da nake nufi: kwana bayan kwana, ga kwazazzabo a gefe, ga manyan motoci a bayanka waɗanda su kansu da ƙyar birki ke riƙe su. Sitiyari ya yi nauyi, sai da hannu biyu. Na taka birki ya kama, na saki na sake takawa ya ɗan kama, a na uku sai na ji kamar dutse nake takawa. Uwargida ba abin da take yi sai salati. Na danne fedar da iya ƙarfina ban ƙara sakinta ba, ina jan birkin hannu kaɗan-kaɗan, har Allah ya sa muka samu ɗan fili a gefen titi muka tsaya.

Mutane da yawa ba su san cewa injin ne ke ba birki da sitiyari ƙarfin da muke jin daɗinsa ba. In ya mutu, ƙarfin da ya rage a birki na taku biyu ne ko uku, daga nan sai ƙarfin ƙafarka. Duk wanda ya yanka wayar famfon fetur ya sa hannu a birkinka ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Janwe ne ya dawo da motar Jos, aka sauke ta a Farin Gada wurin wani dattijo mai wayarin da abokina ya yaba mini. Da ya ji an sa tiraka kwanan nan ko bonet bai buɗe ba. Ya cire robar nan, ya zura hannu ya jawo wani ƙullin waya, ya ce, "Zo ka gani, Alhaji." Wayar da ke kai wuta famfon fetur ce aka datse biyu, aka ratsa rile a tsakani, wanda shi ne ke yanke wutar in ka tura saƙo. Haka ake yi, ba laifi. Amma bakunan wayar murɗa su kawai aka yi da yatsa, aka naɗe da baƙin tef. Tef ɗin ya yi zafi ya saki, gam ɗinsa yana manne wa hannu, jan ƙarfen ya yi baƙi, silin waya biyu ko uku ne kaɗai suka rage suna taɓa juna. Shi kansa rilen ba a ɗaure shi da komai ba, yana ta lilo a jikin wayar, duk ramin da na shiga sai ya ƙara jan murɗin. Guntun wayar da ya ƙara kuwa siririya ce, ba ta kai kaurin ta asali ba.

Na ce, "Baba, wannan ne kawai?" Ya ce, "Wannan ne. Dalmar da zai liƙe ta ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba." Ya nuna mini kuma inda yaron ya bi wayoyi yana huda su da tsinken fitilar gwaji, har kusa da masu rigar ruwan ɗorawa, waɗanda na jakar iskar kariya ne, ba a wasa da su. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. Har yau in na tuna yarana na kujerar baya saboda murɗin yatsan wani, raina ɓaci yake yi.

Ban cire sikiyoritin ba, don ɓarayin ba su tafi hutu ba. Sake aikin aka yi daga farko, ina zaune a kan benci ina kallo. Kowane haɗi sai da ya sha dalma, aka zura masa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, aka sa fis a wayar da ke ba na'urar wuta, aka ɗaure rile a jikin ƙarfe. Tirakar ma canja ta muka yi. Ta farkon da zarar saƙo ya shiga take yanke fetur, ko kana gudun ɗari. Masu kyau ba sa yankewa sai gudun ya sauko ƙasa da kilomita 20 a awa, kuma wannan ce tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa mai shago. Baba ya ƙara mini da ɓoyayyen makunni a wayar kik, wanda in ba a danna shi ba mota ba za ta yi ko tari ba. Amfaninsa shi ne ko ya lalace iyakarsa ya hana ka tashi da safe, ba zai kashe maka mota a kan hanya ba. Ba ya maganin wanda ya ƙwace mota tana kunne, shi ya sa muka bar rilen famfon, amma a liƙe. Ya kuma ɗauke tirakar daga ƙarƙashin sitiyari, wurin da kowane ɓarawo ke fara lalubawa.

A nan ne kuma na gano layin da ke cikin tsohuwar tirakar da sunan wani aka yi masa rajista, ban ma san ko wane ne ba. Layin da ba a haɗa da lambar NIN ba rufe shi ake yi, wanda aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba kuma kamfani kan karɓe abinsa, kai kuwa kana nan kana zaton motarka na da tsaro. Yanzu layin da sunana yake, lambar sirrin tirakar ni na sa abata, kuma nakan tura mata saƙo lokaci-lokaci in ga ta amsa.

Jiniyar ba na dogara da ita sosai. Tsawar damina da ƙanƙarar Jos kan tayar da ita, har maƙwabta suka daina leƙowa, sai da aka rage mata ji. Abin da na fi kula da shi a kanta shi ne wutar da take sha mota na kashe. Baba ya sa mita a batir ya nuna mini, ya ce da miliyam ake auna irin wannan 'yar wutar, in jimillar ta wuce miliyam 50 da yawa akwai gyara, domin batirin da aka tsotse cikin dare ba ya iya tayar da inji a sanyin hunturun garin nan. Sandar kulle sitiyari kuwa tana nan, ita ba ruwanta da waya.

Na koma wurin yaron da ƙullin wayar a hannuna. Ya juya ta ya ce, "Wallahi Alhaji, haka muke yi wa kowa, ba a taɓa dawo mana da ita ba." Wannan maganar ta fi murɗin tayar mini da hankali, domin na san gaskiya ya faɗa. Da na ba ƙanena labari na matsa masa muka kai tasa motar wurin Baba, alhali shi a Bukuru wani daban ya sa masa. Aka cire roba, sai ga murɗi har uku, ɗaya a kan wayar famfon fetur, tef ɗinsa ya riga ya fara saki.