Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a Bosomtwe

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi.

Alhamdulillahi, an sallami ƙanena jiya bayan la'asar. Ƙafar na ɗaure, likita ya ce sai bayan sati shida a sake dubawa. Kwana tara ke nan rabona da barcin kirki, don haka duk wanda ban ambata ba ya yafe mini. Labarin kuwa kun bi shi tun daren Asabar: ƙanena ya ji rauni a ƙafa a bakin tafkin Bosomtwe, motarmu kuma ta kasa hawa tudu a cikin ruwan sama.

Akwai dattijon da ba zai ga wannan saƙo ba, amma dole in fara da shi: masuncin nan na gaba da Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin. Kun san masuntan tafkin bisa al'adarsu a kan falankin katako suke kamun kifi, wanda suke kira padua, suna tuƙi da hannu. Shi ne jarin mutum. Lokacin da motarmu ta fara zamewa baya a kan hawa, yaron na kwance a ciki yana salati, wannan bawan Allah da ɗansa suka kinkimo nasu a cikin ruwan sama suka cusa ƙarƙashin tayar baya. Na ji ƙarar tsagewar katakon da kunnena, sannan tayar ta kama. Da gari ya waye na miƙa masa kuɗi na ce Agya, wato baba, a sayi wani. Ya ture hannuna, ya ce in kai yaron asibiti tukuna. Allah ya saka masa da mafificin alheri, ya shirya masa zuri'a, ya cika masa komarsa.

Masta fita namu, wato babban makanikenmu na Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ba ya son a yabe shi a bainar jama'a, amma yau sai ya yi haƙuri. Da asuba ya taso, tafiyar kusan kilomita 30, da igiya da jak. Shi ya ce in rubuta abin da ke ƙasa saboda masu shirin zuwa kwana a bakin tafkin.

Bosomtwe rami ne da dutse daga sama ya haƙa, faɗin ruwan wajen kilomita 8, tuddai sun kewaye shi, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Duk ruwan da ya sauka a kan tuddan bakin tafki yake gangarowa. Shimfiɗaɗɗen filin da ke bakin kwazazzabo, wanda ya fi kyaun kafa tanti, shi ne hanyar ruwa. A hau sama kaɗan, a juya hancin mota zuwa mafita tun da rana, a datse tayoyi da duwatsu.

Jar ƙasar nan in ta jiƙe sabulu ce. A rage iskar taya daga 32 zuwa wajen 18 a ma'aunin PSI, a sa giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu tun kafin a fara hawa, a tafi da lamba biyu ba tare da sauya giya a tsakiya ba. In taya ta fara juyawa a banza a ɗaga ƙafa, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. Wajen ja, a naɗa wa bishiya madauri mai faɗi, a ɗora jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar wayar jan motar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, kowa ya ja baya. Kada a taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, yana ɓallewa ya tashi kamar harsashi. Babur da ya sha ruwa kuma kada a tayar da shi: a cire fulogi da matatar iska, a yi ta bugawa har ruwan ya fita, in baƙin mai ya koma launin koko da madara a juye shi sau biyu.

Ina godiya ga ƴan ƙungiyarmu da suka ɗaure ƙafar da sanduna biyu ba su yi ƙoƙarin miƙe ta ba, da ma'aikatan jinya na dare, da Hajiyarmu mai waake da ta riƙa aiko da abinci ta hana a biya, da liman da jama'ar masallacinmu. Allah ya kai ladan kabarin iyayenku, ya raba ku da tsayuwar dare a ƙofar asibiti, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba.

Dangin da saƙonsu ɗaya ne, wai me ya kai mu daji, mun ji. Asibitin dai kuɗin pragya ne, wato keke mai ƙafa uku, daga gidajenku. Allah ya bar zumunci.

Ranar Lahadi in Allah ya yarda za mu koma Abono da kafinta don a sassaƙa wa dattijon sabon padua. Mai son sa hannu ya same ni bayan sallar Juma'a.