Sai jiya tsutsotsina suka taka birki a kan abinci

Alhamdu lillahi 'yan uwa, jiya da daddare abin ya fito. Ƙananan tsutsotsin nan na bincike, C. elegans, da na ɗora a farantin da ke da bakteriya, wato abincinsu, suka rage gudu, na farantin da babu komai kuwa suka ci gaba da ratsawa abinsu. A bidiyon waya ko ba a ƙirga ba ido yana gani. Wannan ne ragin gudun da Sawin da Ranganathan da Horvitz suka bayyana a 2000, kuma aikin dofamin ne zalla, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ban ɗiga musu komai ba. Ƙwayoyin jijiya 8 kacal cikin 302 ke yin dofamin a jikin C. elegans, 6 a kai, 2 can baya, kuma gogar bakteriya a jiki suke ji, ba ƙamshi ba.

Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya duk watannin nan raɓa ce. Kun san tsutsar nan digiri 20 take so, in aka haura 25 haihuwarta ta fara lalacewa, ɗakina a Aboabo kuwa rufin kwano ne. Firji ya yi mata sanyi da yawa, ga dumso, wato yawan ɗauke wuta. Sai na koma kula da ƙanƙarar piya wata. Zafi dai ya sauka, amma da na fito da faranti cikin iskar Kumasi mai laima sai ruwa ya tsattsafo a murfi, ya kwanta a fuskar aga, abin nan mai kama da jeli da tsutsa ke rarrafe a kai, yana ƙyalli. Tsutsa kuwa da ta ji ruwa ta bar rarrafe ta koma iyo. Rarrafenta lanƙwasa ce irin ta harafin S, zagaye ɗaya a wajen daƙiƙa 2. Iyo kuwa siffar C ce, wajen zagaye 2 a daƙiƙa. To ina lissafi zai daidaita? Wata tana rarrafe, wata tana rabin iyo, lambobi suka zama shirme, har na fara tunanin ko tsutsotsin da aka ba ni ne ba su da lafiya. Abin haushi ma, komawa daga iyo zuwa rarrafe shi kansa dofamin ke da hannu a ciki, wato raɓar tana taɓa daidai wurin da nake son aunawa.

Yanzu a kife nake ajiye farantan, da tawul tsakaninsu da ƙanƙara. In na fito da su sai in ɗan karkace murfi, in haska tocila ta gefe, ba na taɓa komai sai ƙyallin nan ya mutu. Bayan na wanke tsutsotsin sau biyu, ɗigon da ya kawo tsutsa nakan tsotse shi da bakin tishu da na murɗe ya yi tsini, a hankali, don tana iya bin ruwan ta shige takardar. In wata ta maƙale a gefe, gashin ido ɗaya da na manna a tsinken sakace ya isa. Minti 5 na jira, daƙiƙa 20 na ƙirga lanƙwasar jiki. Kafin in kai nan fumfuna ta cinye mini rabin agar da na saya sama da sidi 400, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Mai tambaya ta yaushe za a ba su goro a ga tsere, ɗan uwa ka sassauta. A jikin wannan tsutsa dofamin birki ne. Furotin DAT-1 shi ke kwashe dofamin bayan ya gama aiki. A 2007 ɗakin binciken Randy Blakely a jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna cewa tsutsar da ba ta da shi, in aka jefa ta a ruwa, tana fara iyo lafiya lau sannan ta sandare cikin wajen minti 10, domin dofamin ya taru ya danne jijiyoyin motsi ta hanyar mai karɓar dofamin da ake kira DOP-3. A 2010 Lucia Carvelli da abokan aikinta suka samu irin wannan sandarewa da amfetamin, wanda ke juya DAT-1 ya riƙa fitar da dofamin waje. Ƙwayar da ke hana ɗan Adam zama, ita ke kwantar da tsutsa. Amfetamin haramtacce ne a hannun irinmu, kada ma wani ya kawo zancen.

Kafeyin na goro kuma hanyarsa daban, a jikin mutum masu karɓar adenosin, sinadarin da ke kawo barci, yake toshewa. Ruwan goron kasuwar Kejetia ma ba kafeyin kaɗai ba ne, akwai sinadaran bauri da sauran tarkace, ga shi yana sauya kaurin ruwan, alhali sandarewar nan kanta tana raguwa a ruwan gishiri na M9. Don haka kafeyin tsantsa zan nema in auna.

Kafin nan tsutsotsi irin cat-2 nake bukata, waɗanda ba sa iya haɗa dofamin, don in ga ba su rage gudu ba a farantina. Wanda ke da hanyar samu ya yi mini magana, ina da farantan N2, wato tsutsotsi na asali, masu tsabta da zan ba shi a madadi.