Tawadar da ba a niƙa ta

Ranar da na fara nuna wa Baba hajata, ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ai sabulu ne." Dunƙulen tawada ne na ƙasar Sin, baƙi wuluk, da dodo na ruwan zinariya a bayansa. Shi da ya tashi da zuge da ƙaro a tsangaya, bai taɓa jin an sayi tawada don a ajiye ba.

Ɗan shagona a Guangzhou yake, ni da yaro ɗaya. Kayan daga gundumar She ta lardin Anhui nake ɗauko su. Can ake tara kunkunniyar itacen fayin ko ta man itacen tung, a kwaɓa da danƙon fatar dabba, a sa miski, a yi ta kirɓa, a danna cikin ma'aunin katako mai sassaƙa, sannan a bar shi watanni yana bushewa. Mai rubutu kan goga shi a dutse da ɗan ruwa. Ba dai ta rubutun sha ba ce, na gaya wa Baba.

Masu tara ta don ajiya kuwa ba sa gogawa. Sunan wanda ya yi tawadar suke bi: Cheng Junfang da Fang Yulu na daular Ming, Cao Sugong da Hu Kaiwen na Qing, uwa-uba wanda aka yi wa fadar Sarki Qianlong.

Nan aka taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani dillali ya kawo mini guda mai hatimin Qianlong, na biya jiki na rawa. Ashe katakon ma'aunin ya fi sarkin tsawon rai. An ci gaba da buga tawada da shi shekaru bayan rasuwarsa a 1799. Wani tsoho ne ya karɓa, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce, ya nuna mini layukan dodon da suka dushe saboda katakon ya gaji. Bugun da aka yi tun katakon yana sabo kaifi gare shi kamar reza. Tun ranar ba na fara duba hatimi.

Na asali ma ba ya fita, dokar Sin ta hana fitar da kayan da suka girmi 1911. Sababbi nake kaiwa gida tsaraba. Wanda na bar wa Baba a Kano hunturu ɗaya ya tsaga shi gida uku. Ya tattara gutsattsarin, ya jiƙa, ya rubuta allo da su.