Daga Birjiniya: neman sunan da ba a rubuta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ya gida, ya yara? Mu nan lafiya lau. Tun da na saka hoton nan ina zaune gaban wata na'ura, tambaya ɗaya ce ke ta shigowa: wai aikin me na koma? Har Yaya cewa ya yi ko asibiti na samu. A'a, na'urar karanta tsofaffin takardun kotu ce. Bari in ba ku labarin, sannan in taɓo zancen sanyi da azumi.

Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta ja ni. Idonta ya yi rauni, ta roƙe ni in taya ta dubawa, don a gidansu ana cewa su jikokin Elizabeth Key ne. An haifi matar nan wajen 1630 a nan Birjiniya ta ƙasar Amurka. Ubanta Bature ne, Thomas Key, uwarta kuwa baiwa ce 'yar Afirka. Da ubangidanta John Mottram ya mutu a 1655, sai masu rabon gado suka lissafa ta cikin bayi, ita da jaririnta. Ta kai ƙara. Hujjarta: ubanta ɗa ne ba bawa ba, an yi mata baftisma, kuma wa'adin hidimar da aka ɗiba mata ya daɗe da cika. Ta yi nasara a 1656, ta auri William Grinstead, wanda ya tsaya mata a kotu. A 1662 aka toshe ƙofar da doka: yaro ya bi matsayin uwarsa, ko waye uban.

Amma takardun nan, Allah ya kyauta! Rubutun magatakardan zamanin kamar kaza ta taka tawada. Sunan mutum ɗaya, nan Grinstead, can Greenstead, gaba kaɗan Grimstead. Kwana uku muna bin wani, ashe ba namu ba ne. Mace kuma da ta yi aure sunan ubanta ya tafi, ta koma na miji. Ita Elizabeth ma ta sake aure bayan rasuwar Grinstead, suna ya sake canzawa. Ƙidayar jama'a ta 1790 sunan maigida kawai ta rubuta, mata adadi ne. Sai 1850 aka fara rubuta kowa, ban da bayi. Su sai 1870. Ta 1890 kuwa gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Mun haɗa igiyar zuriyar har tsakiya ta tsinke, tsohuwar ta cire tabarau ta yi shiru.

Abin da ya tsaya mini a rai, sunan uwar Elizabeth babu shi ko'ina. Shaidu sun yi ta zancenta a kotu, ba wanda ya kira sunanta.

Da farko na yi fariya, na ce mu a wajenmu mace ba ta yar da sunan ubanta. Tsohuwar ta ce to ya sunan kakar kakata? Na buɗe baki, ba komai. Ko kakata ta wajen uwa, Inna kawai na sani. Alkunya ta hana kowa a gida kiran sunanta na yanka har ta rasu.

Sanyi dai yana nan yadda kuka san shi. Zancen azumi sai wani jiƙon. Wanda zai je wajen Goggo ranar Juma'a, don Allah ya tafi da biro, ya tambayar mini sunan Inna da na mahaifiyarta, da garin da aka auro ta.