Raƙuman dawan Kure da takardun da suka bayyana matsayinsu

Na daɗe ina bibiyar abin da ake wallafawa a mujallun ilimi game da namun dajin yankinmu, kuma babu labarin da ya nuna mini nauyin wannan aiki kamar na raƙuman dawan Kure, garin da ke kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Mutane da yawa suna ɗaukar ilimin rarraba dabbobi da raɗa musu sunaye a matsayin aikin masanan da suka rasa abin yi, suna ta jayayya a kan ƙwaryar kai da ƙashin ƙafa. Ni kuwa ina ganin cewa sau da yawa irin wannan jayayya ce take yanke hukuncin dabbar da za a kashe kuɗi a kanta da wadda za a bari ta ƙare ba tare da kowa ya lura ba.

A shekarar 1898 wani masanin dabbobi na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan, Oldfield Thomas, ya bayyana wani raƙumin dawa da aka harbe a wajen mahaɗar kogin Neja da na Binuwai, kusa da Lokoja. Abin da ya isa hannunsa ƙwaryar kai ce da wasu ƙasusuwan ƙafa, kuma saboda tsawon da ya gani a jikinsu sai ya ba dabbar sunan peralta, wato mai tsananin tsayi a harshen Latin. A ƙa'idar wannan fanni, suna ba ya tabbata sai an wallafa shi tare da bayanin abin da ya bambanta dabbar da danginta, kuma akan ajiye samfurin asali a wurin da kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba. Idan mutum biyu suka raɗa wa dabba ɗaya suna, wanda ya riga wallafawa shi ne nasa yake tsayawa. Saboda haka ƙasusuwan nan da suka bar ƙasarmu fiye da shekara 120 da suka wuce su ne har yau ma'aunin da ake komawa gare shi idan ana maganar raƙumin dawan Afirka ta Yamma.

An shafe kusan ƙarni guda ana ɗauka cewa duk raƙuman dawan da ke tsakanin Senegal da yankin tafkin Cadi iri ɗaya ne, har da na gandun Waza a Kamaru, har da waɗanda ake kiwo a gidajen namun daji na Faransa da sunan peralta. Wannan zato ya sa hankali ya kwanta fiye da kima, domin ko da na Nijar suka ragu zuwa 49 kacal a shekarar 1996, ana iya cewa ai akwai 'yan'uwansu a wasu wurare. A 2007 ne Alexandre Hassanin da abokan aikinsa suka wallafa bincike a wata mujallar cibiyar kimiyya ta Faransa, bayan sun gwada ƙwayoyin gado na dabbobin, inda suka nuna cewa na Kamaru da na Cadi da waɗanda ake kira peralta a gidajen namun dajin Turai duk irin Kordofan ne, wato wani reshe dabam mai sunan wani yanki na ƙasar Sudan. Ma'anar haka ita ce garken da ke yawo a gonakin Zabarmawa, yana cin ganyen gawo da rani a kwarin Dallol Bosso, wani lokaci kuma yana shiga waken manoma, shi kaɗai ne ya rage na irin peralta a duniya. A shekarar da ta biyo baya hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sanya shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Ba zan ce takarda ce kaɗai ta ceci dabbobin nan ba, domin gwamnatin Nijar da mazauna ƙauyukan da 'yan rakiyar baƙi sun riga sun fara kare su tun kafin a wallafa ta, kuma manoman da suka haƙura da ɓarnar da ake yi musu sun biya farashin da babu wani marubuci da ya biya. Amma takardar ta sauya yadda duniya take kallon garken, kuma tallafi yakan bi inda aka nuna cewa abu ba shi da madadi. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya ba.

Muhawarar ba ta tsaya nan ba. A 2016 Julian Fennessy da Axel Janke da wasu suka wallafa a mujallar Current Biology cewa raƙumin dawa jinsi huɗu ne, ba jinsi ɗaya mai rassa tara ba kamar yadda aka saba koyarwa. Wasu masana suka mayar da martani a rubuce suna cewa hujjar ba ta isa ba, sai aka ƙara bincike a kan cikakken tsarin ƙwayoyin gado, aka kuma auna ƙwaryar kai sama da 500 daga gidajen adana kaya da dazuzzuka daban-daban, kafin kwamitin ƙwararru na IUCN ya amince da jinsi huɗun a watan Agustan 2025. Shekara tara ke nan ana kai-kawo, kuma wannan jinkiri yana burge ni, domin kowane ɓangare ya ajiye hujjarsa a fili inda abokin hamayya zai iya rushe ta idan yana da abin rushewa. Na Kure yanzu reshe ne na raƙumin dawan arewa, tare da na Kordofan da na Nubiya.

Irin wannan gyara ya taɓa dabbobin da muka fi sabawa da su. A 2011 aka nuna cewa kadan da ke yawancin ruwayen Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da kadan kogin Nilu, a 2015 kuma aka gano cewa ɗaya daga cikin dabbobin da muke kira dila, malamin daji na tatsuniyoyinmu, ya fi kusa da kyarkecin ƙasashen arewa fiye da dilan Asiya da aka daɗe ana haɗa su. A 1998 Robert Payne ya bayyana wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu na duwatsun Jos wanda kimiyya ba ta san da shi ba kafin lokacin, alhali yana nan kusa da gari.

Abin da yake damuna shi ne nisan da ke tsakanin waɗannan rubuce-rubuce da mutanen da suke zaune da dabbobin. Samfuran asali suna Landan da Faris da Balin, takardun da Turanci ko Faransanci, wasu mujallun kuma sai an biya kafin a karanta, waɗanda ake karantawa kyauta kuwa sukan nemi marubuci ya biya kuɗin da kan kai dubban daloli idan bai samu rangwame ba. Malamin jami'a a Kano ko Maraɗi da ƙarin girmansa ya dogara da yawan abin da ya wallafa yakan karkata zuwa mujallun da suke karɓar komai cikin 'yan kwanaki, ba tare da wani masani ya tantance ba. Na sha karanta jerin dabbobin wani daji a irin waɗannan mujallu, in ci karo da sunan Latin na dabbar da ba ta zama a nahiyarmu, babu hoto, babu samfurin da aka ajiye, babu bayanin yadda aka gane ta. Kuskure irin wannan ba ya mutuwa da sauƙi, domin ɗalibi zai kwafa shi a kundin digirinsa, wani kuma ya kwafa daga ɗalibin, har ya shiga rahoton da hukuma za ta yi aiki da shi.

Ba daga tushe za mu fara ba. Ƙungiyar Nigerian Field Society, wadda aka kafa a 1930, ta daɗe tana buga abin da mambobinta suka gani a daji, mujallar Malimbus kuma tana wallafa bayanan tsuntsayen Afirka ta Yamma da Turanci da Faransanci tun 1979, kuma tana karɓar gajeren rahoto na ganin tsuntsu a inda ba a taɓa ganinsa ba, muddin an kawo hujja. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ta horar da matasan Afirka ta Yamma da dama waɗanda yanzu sunayensu suke fitowa a sahun farko na takardu, kuma dandalin African Journals Online ya sa ana iya samun mujallun nahiyar a intanet. Tun 2012 ma ƙa'idar raɗa suna ta amince da wallafawa ta intanet idan an yi wa aikin rajista a ZooBank, kundin sunayen dabbobi na intanet. Abin da ya rage mana, a ganina, shi ne ɗakunan adana samfura da ake kula da su da kyau a jami'o'inmu, da editocin da za su iya mayar wa marubuci takardarsa su ce ya koma ya kawo hujja.

Akwai kuma ilimin da ke bakin mutanenmu, wanda nake ganin masu bincike ba su ba shi haƙƙinsa ba. Tsohon maharbi ba ya haɗa gwanki da kanki, ko mariya da gwambaza, ko mazo da kwanta-rafi, ko gada da barewa, kuma yakan san kwarin da aka ga kowacce a ƙarshe da shekarar da ta daina zuwa. Bargery ya shigar da irin waɗannan sunaye a ƙamusunsa na 1934, amma yawancin matasan da nake magana da su yau barewa kawai suka sani, sauran duk naman daji ne a wurinsu. Ina so in ga takardun da suke rubuta sunan Hausa ko na Zabarmanci ko na Fulatanci kusa da na Latin, tare da garin da aka ji sunan da hoton da aka nuna wa mai maganar domin a tabbatar dabba ɗaya ake nufi, sannan a saka taƙaitaccen bayani da harshen mutanen wurin. A ƙauyukan da ke kewaye da Gadabeji da Yankari da dausayin Haɗeja da Nguru har yanzu akwai dattawan da suka ga dabbobin da babu su a yau, kuma yawancinsu sun haura shekara 70.