Ba Kowane Rim Ne Zai Zauna a Motarka Ba

Yawancin masu zuwa shagona a Sabon Gari abu biyu suke tambaya: inci nawa ne, huda nawa ce? In rim ya yi musu kyau, noti ya shiga, sai ciniki. Ni kuwa ba na sallama rim sai na kifa shi na duba bayansa.

A nan ake zana irin su 16x7J ET45. Girmansa inci 16, faɗinsa inci 7. Lambar da ke bin ET ita ce ofset, tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke zama jikin hob (ƙarfen motar da ake ɗaure rim a kansa da noti), kuma da milimita ake auna ta. In lambar ta yi yawa, taya ta nutse ciki ta riƙa gugar shokozoba. In ta yi kaɗan, taya ta leƙo waje, kana faɗawa rami ko ka ɗebo iyali zuwa Kano sai ka ji tana cin madigadi. Nauyin motar kuma ya kauce daga inda aka tsara masa, boris ya mutu da wuri, a yi ta zargin bakanike. Corolla, Camry da Accord galibi 35 zuwa 55 suke so. Samari masu son taya ta fito waje don gayu, da su na fi fama.

Maigidan da ya koya mini, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa yarda da rubutun kaɗai ba. Sai ya kwantar da rim a ƙasa, ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa na baya, ya zura tef har fuskar hob. Zurfin baya ke nan. Rim mai faɗin 7 da ET45 zai ba ka kusan inci 5¾. Yakan sa mu maimaita awon har hannu ya saba, domin rim biyu kan zo da ET ɗaya, amma mai faɗin ya fi cusa kai ciki. Har yau haka nake koya wa yarana.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu haɗa gwanjo barkatai: rim huɗu, zane iri ɗaya, biyu ET35, biyu ET50, a fesa fenti a ce saiti ne. Wasu har faɗaɗa huda suke yi don rim ɗin Corolla mai 5x100 (huda biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100) ya hau Camry mai 5x114.3. Sannan mai saye ya zo ya ce, "Haba Malam, can an bar mini da araha."

A wurina sai ka zo da motar. Mu ɗaura ɗaya a gaba, mu murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe, mu duba tsakanin rim da birki, mu sauke jak mu sake dubawa da nauyin motar a kai. In akwai inda ya taɓa, mu kwance mu kawo wani.